Tambarin kare muhalli a jikin kaya: wa zai duba shi a kasuwarmu?

Malam Sabo mai shago:
Salamu alaikum jama'a. Nura na ga abin da ka turo jiya da daddare, wai a Faransa tun 2021 wasu kamfanoni da shaguna suna manna wa kayan abinci harafi daga A zuwa E, daga kore zuwa ja, don mai saye ya san wanne ya fi ɓata ƙasa da ruwa da iska, kuma kana cewa a yi mana irinsa a Najeriya. Ni dai ra'ayina ko an yi ba zai tsinana komai ba a nan. Ina shago tun safe har bayan isha'i, ban taɓa ganin wanda ya juya kwalin omo ko gwangwanin tumatir yana karanta bayansa ba, tambayar dai ɗaya ce, nawa ne, babu na ƙasa da shi? Mutumin da ke lissafin yadda hatsin rumbu zai kai shi kaka ba ta harafi yake ba.

Nura:
Wa alaikumus salam Kawu. To amma fa mutanen nan da kake cewa ba sa dubawa, su ne suke tambayarka ko madarar nan tana da lambar NAFDAC, su ne suke dawo maka da lemo in kwanan watansa ya wuce. Kafin a kafa NAFDAC a 1993 wa ya san wata lamba? A hankali aka koya, da rediyo da bakin mutane. Wannan ma haka zai shiga.

Malam Sabo mai shago:
Wannan daban ɗana. Lambar NAFDAC maganar cikinka ce da cikin 'ya'yanka, in ka ci gurɓatacce yau, yau za ka kwana a asibiti. Shi kuwa wannan cewa ake ka ƙara kuɗi saboda iskar da ba ka gani.

Malama Hauwa:
Ku duka biyun kun tsallake wani abu. Mu da muke girki yaushe ma kwalin yake iso mu? Yaro za a aika da kuɗi ya dawo da man gyaɗa a ƙulle a leda, sukari a leda, omo na awo a leda, gishiri a leda, magi ƙwaya uku a hannu. Buhun da aka yi rubutun a jiki yana can bayan kantar Malam Sabo, in ya ƙare a sayar wa mai zuba masara. Yawancin matan garin nan ba ma su ke zuwa kasuwa ba, to ko da zinare aka rubuta tambarin wa zai gani? Ni abin da ya dame ni ma ita ledar ce, wadda babu rubutun komai a jikinta. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awaki da tumaki, dabba tana ci tana ramewa har ta mutu, a buɗe ciki a tarar da leda ta dunƙule. Sannan takin bola da ake kaiwa gona a amalanke rabinsa leda ne, in ka yi huɗa kana tono ta.

Auwalu mai maganin feshi:
Malama ta faɗi gaskiya. Amma Malam Sabo ranka ya daɗe ban yarda cewa mutanenmu ba sa duba alama ba, suna dubawa sarai, matsalar ita ce yadda suke fassara ta. Duk wanda ya taɓa riƙe kwalbar maganin ƙwari ko na ciyawa ya san akwai wani layi mai launi a ƙasan takardar. Ba ado ba ne, tsari ne na Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, kore shi ne mai sauƙi. A cikin layin kuma akwai ƙananan hotuna, mutum sanye da safar hannu, mutum ya rufe hanci, kwalba a kulle nesa da yara, wani ma har da hoton kifi ko na saniya da kaza, ma'ana kada ya shiga ruwa kada dabba ta kusanta. An yi hotunan ne musamman don wanda bai yi boko ba. To wallahi manomi zai zo ya ce min ba ni mai ƙarfin nan, in na miƙa masa mai shuɗi ko kore ya ce wannan ai ruwa ne, shi a wurinsa launin haɗari shi ne shaidar inganci. Na yi bayani har na gaji, wani ya ji wani ya wuce shagon gaba. Wani kuma ba zai iya sayen lita ba sai a tsiyaya masa a robar lemo, ya tafi da guba babu suna babu launi babu komai, ya ajiye a ɗaki inda yara suke. Jarkar da ta ƙare kuma a ɗauraye a zuba ruwan sha a tafi da ita gona. Wannan abin yana hana ni barci, ba wasa ba.

Nura:
To ka gani Kawu, alama tana aiki kenan, bayani ne babu.

Malam Sabo mai shago:
A'a, ni abin da na gani shi ne alamar ta tura mutum ga mafi muni. Da babu launin ma da bai san wanne zai nema ba.

Auwalu mai maganin feshi:
Kuma a lura, launin nan yana auna haɗari ne ga jikin mutum, ba wai kore yana nufin ba ya kashe kifi ko ƙudan zuma ba. Masu noman rani a fadamar Haɗeja su kiyaye wannan, abin da aka wanke daga tankin feshi cikin kogi yake ƙarewa.

Alhaji Iliya dillalin riɗi:
Na daɗe ina karanta ku. Ni zan zo ta wata hanya. Ku bar ganin cewa tambarin na Turawa ne can, ko ba mu karanta shi ba ya riga ya iso gonarmu. Riɗi da zoɓon da muke haɗawa a Maigatari ranar Alhamis da Gujungu ranar Lahadi, Dawanau yake tafiya, daga nan sai jirgin ruwa, riɗi ya tafi Japan da Turkiyya da Sin, zoɓo ya tafi Meziko da Turai. Matar da ke tsaye a kanti can tana duba takarda kafin ta saya, ita ce take sa kamfani ya gwada kaya a ɗakin bincike, kamfani ya matsa wa mai fitarwa, mai fitarwa ya matsa mana. Kun manta wake? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin DDVP, irin wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, da ake zubawa a buhu don kashe ƙwari. Iyakar da suka yarda da ita 0.01 miligiram ce a kilo, namu ya ninka haka sau da yawa, a 2016 suka ƙara shekara 3 a kan haramcin. Waken da Bature ya ƙi kuma ina ya tafi? Cikin tukunyarmu, alala da ƙosai da ɗanwake. Ga buhun PICS mai ciki uku da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, amma a kasuwa kwanon wake mai magani da marar magani farashi ɗaya, babu wata alama da za ta raba su, to me zai sa manomi ya kashe kuɗin buhu mai tsada?

Malama Hauwa:
Alhaji wannan alamar kam da akwai ta wallahi da na biya ƙari. Ba ni kaɗai ba, duk uwar da ta taɓa jin warin magani a wake bayan ta jiƙa.

Malam Sabo mai shago:
Malama kin dawo kan maganata, don 'ya'yanki za ki biya, ba don sararin sama ba. Kuma wa zai tabbatar? Gobe kowa zai buga takarda a Kano ya manna ya ce nasa babu magani.

Usman mai sola:
A nan kam ina bayan Malam Sabo. Ko can inda ake da doka ƙarya ta yi yawa a harkar nan. Hukumar Tarayyar Turai da kanta ta bincika a 2020, ta tarar kashi 53 cikin 100 na iƙirarin kare muhalli da ke jikin kaya ko dai a dunƙule suke, ko masu ruɗarwa, ko marasa tushe, kashi 40 kuma babu wata hujja a bayansu. A Ingila babban kantin Tesco ya yi alkawari a 2007 zai rubuta yawan hayaƙin da kowane kaya ya jawo, zuwa 2012 ya haƙura, aikin lissafin ya yi yawa kuma sauran kantuna ba su bi ba. To ina ga nan da za a zana ganye kore a jikin roba shikenan. Ko alamar kibiya uku da ke gindin robar ruwa, mutane suna ɗauka wai za a sake sarrafa ta ne, alhali lambar da ke ciki, 1 zuwa 7, irin robar kawai take faɗa, in 'yan bola jari ba su tsince ta ba a kwata za ta ƙare.

Nura:
Yaya Usman amma Jamus tana da tambarinta na muhalli tun 1978 kuma har yau yana nan ana amfani da shi, saboda ba kamfani ke ba kansa ba, wasu ne daban suke tantancewa. Don wasu sun yi ƙarya ba za a ce a bar gaskiya ba. Kuma kai da kanka, mutanen da kake haɗa wa sola ba sa tambayarka wat nawa ƙwan fitila yake ci?

Usman mai sola:
Suna tambaya sosai, har tsoho da bai san A ba ya san ƙwai mai wat 5 ya fi mai 15 daɗewa a batir, fanka ma haka, firji ma haka. Amma shi ma rubutun sai an yi hattara, panel nawa na gwada an rubuta 300 a baya ba ya kaiwa. Wanda aka cuta sau ɗaya ba ya ƙara yarda da takarda, sai dai ya ce Usman kai ka zaɓa min.

Alhaji Iliya dillalin riɗi:
Haka ne, mu mutum muke saye kafin kaya. Abin da ke min ciwo shi ne yawancin zoɓonmu a gefen gona yake fitowa ba taki ba feshi, can a manna masa tambarin cewa babu sinadari a sayar da tsada, amma takardar shaidar tana hannun mai fitarwa don shi ke da kuɗin biyan masu dubawa, manomin Sule Tankarkar da Gumel ko sisi bai gani a kai. In da ƙungiya muke da ita mai rajista da mu za mu riƙe takardar.

Malam Sabo mai shago:
Wannan kam zan sa hannu Alhaji, don kuɗi ne zai shigo gari. Amma harafin Nura a jikin taliya, har yanzu ina nan a kan bakana. Kenya ba tambari ta manna wa leda ba, hana ta ta yi a 2017, Ruwanda tun 2008. In gwamnati da gaske take ta tare abin daga masana'anta, kar a ɗora wa mai naira ɗari biyu a hannu.

Nura:
Kawu in aka hana leda gobe kai za ka fara kuka, da me za ka ƙulla mai?

Malam Sabo mai shago:
Da kwalba, kowa ya zo da tasa kamar yadda iyayenmu suka yi. Ni ma kuɗi nake sawa in sayi ledar, ba kyauta ake ba ni ba.

Malama Hauwa:
Malam Auwalu, ni dai kafin a gama wannan, don Allah ka ɗauko hotunan launukan nan huɗu da ƙananan zanen a waya ka turo min, manya yadda za a gani. Matan Islamiyya suna haɗuwa Asabar bayan la'asar, da yawansu a ɗakunansu ake ajiye maganin, su ne kuma suke wanke kayan da aka yi feshi da su. Kar ka kawo kwalaben kansu, akwai masu goyo.

Auwalu mai maganin feshi:
In sha Allahu yau da daddare Malama. Zan haɗa da na jarka, yadda ake ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan a tankin feshi sannan a huda gindinta don kar wani ya ƙara zuba ruwan sha.