Musayar waƙa: Sadiq Khan, ɗan direban bas da ke riƙe da Landan

Baban Ummi, Fagge:
Salamu alaikum ƴan uwa, wajen nan ya yi sanyi kwana biyu kamar an yi rasuwa. Ga ɗan abin da na saƙa kan magajin garin Landan, mai iyawa ya ɗora.

Bismillahi da shi nake farawa,
Ɗan direban bas nake yabawa.
Uba na tuƙi, uwa tana ɗinkawa,
Yara takwas gidan haya na rayuwa.
Likitan haƙori yai niyyar zamowa,
Malam ya ce kai gardama ka iyawa,
Je ka yi lauya, nan kake dacewa.

Ƴar Zazzau:
Wa alaikumus salam. To ga Bakano ya fara roƙo a ƙofar da ba a san shi ba.

Bakano ka ga Landan a waya kana rawa,
Kwanar Ɗangora ma ba ka taɓa wucewa.
Ka tsaya kan haƙori kana ta ƙirgawa,
Aikinsa na kotu ka kasa faɗowa:
Ƙarar ƴan sanda yake shigarwa,
Wanda aka zalunta shi yake karewa.
Shekara sha biyu yai kansila yana hidimtawa,
A 2005 Tooting suka ce zo ka wakilce mu mana.

Baban Ummi, Fagge:
Hhhh ɗangon ƙarshe ya faɗa kwata, a kawo igiya.

Baiwata ke da wa kike jayewa?
Na sa tubali kin zo kina shafewa.
Digiri kun tara Zazzagawa,
Baiti ɗaya kun gaza ƙarasawa.
Sau uku Landan tai ta zaɓowa,
Goldsmith, Bailey, Hall duk ya kayarwa.

Hajiya Uwar Biyu:
Allah ya ƙara basira Baban Ummi, kai ne sha'irin wajen nan, sauran duk ƴan amshi ne. 2016 da 2021 da 2024 fa, ba a taɓa yin wanda ya ci kujerar sau uku ba sai shi, kuma Musulmi ne ɗan Pakistan.

Na Peckham:
Hajiya a yi haƙuri, ba ɗan Pakistan ba ne, iyayensa ne suka zo daga can, shi a Landan aka haife shi 1970. Kuma ku kuna yabo daga nesa, tsaya ku ji ta kusa, kan harajin hayaƙin mota.

Kuna ta guɗa kan biki na nesa,
Ku tambayi mai tsohuwar Marsandi da Corsa.
Fam 12.50 kullum in ya fito da motarsa,
Kyamara na kallo, ba ta jin magiyarsa.
Kuɗin haya ya hau, ya cinye albashinsa,
Wuƙa a hannun yara, wa zai kwaɓe masa?

Malam Mai Aruli:
Subhanallah. Na yi shiru na yi shiru amma abin ya isa. Na Peckham don Allah 12.50 ɗin nan da wace ƙafa za a auna ta, sha biyu da hamsin za a karanta ko sha biyu da rabi, domin kowanne aka ɗauka ɗangon ya karye. Shi kuma Baban Ummi da ake ta fasa masa kai, amsa-amon "wa" ai shi ne na malalata, kowane aiki ka liƙa masa wa ka wuce, har da "ka iyawa" da "ya kayarwa", wace Hausa ce wannan? Ɗango na ɗaya gaɓa sha ɗaya, na uku sha biyu.

Baban Ummi, Fagge:
Malam rerawa ake yi ba ƙirgawa ba. Ka rera ka ji ko ta zauna.

Malam Mai Aruli:
Na rera, na sarƙe. Khalil bin Ahmad bai fitar da bahari 15 don wasa ba, aka zo aka ƙara Mutadarik suka zama 16, ka zaɓi ɗaya ka hau mana, ba ka hau jaki biyu ba.

Ƴar Zazzau:
Yau ni ce zan kare Bakano, duniya ta zo ƙarshe.

Malam da sikeli ya zo kasuwar waƙa,
Shi bai saya ba, ya hana mu mu saƙa.
Makaɗan fada wa ya koya musu Kamil?
Kawo naka baitin mu gani in kai kamili.

Hajiya Uwar Biyu:
Kamil da kamili!! Wallahi ta gama da kai Malam. Amma har yanzu Baban Ummi ne gaba.

Na Damagaram:
Ku gafarce ni sai yanzu na samu rezo, na ga har an wuce wajen. Amsar Na Peckham ce, ko ta makara.

Kai mai kukan fam, tsaya ka ji dalili,
Hayaƙin mota ba ya barin mai hali.
Yarinya ƴar tara ta rasu a garin,
Bincike ya ce iska na cikin sanadin.
Shi kansa asma ta kama shi da girma,
Kuma tsohon magajin gari Boris ya faro tsarin, kai dai ka yi fama.
Ka sauya bas cikin awa ba ƙarin biya,
Wannan ma shi ne, ko shi ma ƙarya?

Na Peckham:
Boris tsakiyar gari kawai ya tsara, wanda ya shimfiɗa shi ko'ina a Agustan 2023 fa? Bas ɗin kam na yarda, gaskiya ce. Amma tunda kun matsa bari in fasa ƙwai.

Kun ce ɗan gari ne mai kishin Landan,
Ga Arsenal ga Chelsea ga Tottenham nan,
Duk ya tsallake su ya bi Liverpool can,
Ku masu yabo sai ku fassara min wannan.

Baban Ummi, Fagge:
Innalillahi. Da gaske?

Ƴar Zazzau:
Da gaske mana, sanannen abu ne, mutum mai hankali kenan.

Ɗan Arsenal ya ji labari ya yi tsit,
Ya yabi ɗan Anfield da baiti har bakwai cif.

Baban Ummi, Fagge:
Hajiya ki ce wani abu mana.

Hajiya Uwar Biyu:
Ni Chelsea nake yi, kar ka sa ni ciki.

Malam Mai Aruli:
Tsit da cif ba amsa-amo ba ne.