Jariri ya zo ba rai: me za a yi kafin a miƙa gawa?

Ɗalibar ungozoma: Assalamu alaikum manyanmu. Idan jariri ya zo ba rai, ko ya koma cikin kwanakin farko, iyaye suka ce me ya faru, me ya kamata a yi a gano dalili? Kun san mutanenmu da gaggawar jana'iza, kuma da an ambaci yanka gawa magana ta ƙare.

Likitan binciken gawa: Wa alaikumussalam ƙanwata. Fara da mabiyiya, domin sau da yawa amsar tana jikinta, amma ita ake fara ƙullewa a leda a ba dangi su binne. Auna nauyinta, ta cikakken ciki takan kai gram 500. Juya bayanta: gudan jini manne alama ce ta rabu da mahaifa kafin lokaci. Duba cibiya ko ta ƙulle, ki ƙirga jijiyoyinta, uku ne. In za a jinkirta binciken, a sa ta a firij mai digiri 4, ban da firiza, ƙanƙara na fasa ƙwayoyin nama. Za a nemi ƙwayar cuta ko gwajin ƙwayoyin halittar gado? A yanki ɗanye tukuna, sannan sauran ya shiga fomalin kashi 10 cikin ɗari, wato ruwan maganin da ke hana nama lalacewa. Fomalin ya riga taɓawa, wannan gwajin ya tafi.

Babbar sista: Ki rubuta yadda fatar jaririn take. Wanda ta saɓule ya jima da mutuwa a ciki. Mai fata lafiya galibi a naƙuda ya tafi, wannan kuwa aikin ɗakin haihuwa za a waiwaya. Ki auna nauyi, tsawo, zagayen kai, da tsawon tafin ƙafa, shi ke nuna watannin ciki. Uwa kuma kada ta fita sai an duba hawan jini, suga, tunjere, maleriya da rukunin jininta.

Likitan yara: Sista ta faɗi gaskiya. Kuskuren ma'aikata shi ne yanke wa iyaye hukunci cewa ba za su yarda ba, sai a ƙi tambaya. A yi ta'aziyya tukuna, a keɓe, da uban a wurin, ba ana kan ɗinki ba. A gaya musu ba dole sai an buɗe gawa ba: akwai duba jiki daga waje, hoton ƙashi, da ɗiban ɗan nama da allura daga huhu, hanta da ƙwaƙwalwa, kamar yadda shirin CHAMPS, mai binciken dalilan mutuwar ƙananan yara, ke yi a Mali da Saliyo. Izini a rubuce, kuma a faɗa musu wani lokacin ko an bincika ba a samun dalili.