Muhawara: waken GMO guba ne ko kuwa?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Tun bayan kaka cikina ke ƙuna in na ci ƙosai ko shinkafa da wake. Kullum sai in ce gobe zan je asibiti, ga shago ga kasala, har yau shiru. Haka na yi ta jan ƙafa wajen zuwa ƙauye nemo irin wakenmu na gado, har damina ta faɗi. Ga shi an kawo mana gubar nan ta GMO, wato irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, ba mai gaya wa talaka abin da ake auna masa a kwano. Yaya ake gane shi a kasuwa?

Ɗan Samaru: Allah ya ba ka lafiya, amma ka janye kalmar guba. Waken da kake nufi SAMPEA 20-T ne, cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar da shi a 2019 da izinin NBMA, hukumar da ke sa ido kan GMO a Najeriya. An sa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriyar ƙasa don ya kashe tsutsar maruka, mai cinye fure da huda kwanso. Mai yin feshi sau shida zuwa takwas sai ya koma sau biyu.

Maman Yusra: To abin da ke kashe tsutsa, ina sunansa in ba guba ba?

Ɗan Samaru: Hajiya, a hanjin tsutsa sinadarin ke kamawa. Na mutum ba shi da inda zai maƙale masa.

Manomin Giwa: Gubar gaske tana sito. Da idona na ga ana zuba wa buhunan wake fiya-fiya don kada ƙwari su ci, warin ya hana ni tsayuwa a wurin. Saboda irin wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu tun 2015, lokacin ko tsaba ɗaya ta GMO ba a sayar wa manomi ba.

Maman Yusra: Yauwa, tunda ka ambaci Turai. Me ya sa Faransa da Jamus suka hana noman GMO a ƙasashensu? Mu ne ba mu da gata?

Abu Sadiƙ: Ki ƙara masa da Burkina Faso. Sun noma audugar GMO, suka watsar a 2016.

Ɗan Samaru: Zaren audugar ne ya gajarce, kasuwarta ta faɗi. Wa ya ci auduga ya yi ciwo?

Abu Sadiƙ: Yaro, a hankali. Duk wanda ya taɓa Samaru sai ka taso. Nawa ake biyan ka?

Ɗan Samaru: Ni ba yaronka ba ne. A can na yi karatu, kuma ina alfahari. Kawo hujja ko ka nemi gafara.

Abu Sadiƙ: Na girme ka, ba ni zan ba ka haƙuri ba. Hujjata Majalisar Wakilai, wadda a Mayun 2024 ta nemi a dakatar da shigo da GMO har a yi bincike.

Ɗan Samaru: Kuma wata guda bayan nan aka ƙaddamar da masarar TELA, ita ma GMO ce, a Abuja.

Anti Nas: Don Allah Baban Khalifa, ƙunar ciki ta wata da watanni ba a zama da ita. Yana iya zama gyambon ciki, gwajinsa ba wuya. Ka je gobe da safe kafin ka buɗe shago.

Abu Sadiƙ: Sai an fara koya wa wasu ladabi a gidan nan tukuna.

Shugaban zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da muka fahimta: iyaye mata da dattawa sun nuna akwai abin tsoro a irin nan, wasu manyan ƙasashe sun ƙi noman GMO, majalisa ma ta yi magana. Mutum ɗaya ne ya tsaya kare shi, kuma kowa ya ga dalilinsa. Ɗan Samaru, ka same ni ta gefe kan yadda ka amsa wa na gaba da kai.