Ruwan kwamin ninkaya ya koma kamar na wankin shinkafa: a zubar ko a gyara?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Kwamin ninkaya na gida, tsawo mita 8, faɗi 4, zurfi 1.4 a tsakaice, wato kusan lita 45,000. Tun da hazo ya sauka ruwan ya yi fari, ba a ganin matakala ta uku. Na auna: pH, wato awon tsamin ruwa, 8.2; kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, mai aiki 0.5, jimillarsa 2. Shekara biyu ƙwayar kulorin kawai ake sawa, ba a taɓa rage ruwan ba. Filtar ta yashi ce. Ranar Asabar za a yi baƙi. In kira tanka a sake ruwa gaba ɗaya, ko akwai gyara?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Alhaji ƙara ƙwaya biyar, ka zuba soda kilo ɗaya, gobe ka gan shi garau.

Injiniya Mai Famfo: Malam, ka karanta lambobin kuwa? Soda ɗaga pH take yi, mutum kuma yana 8.2. A wannan matakin kulorin ba ya da ƙarfi, kuma alli ne ke fita daga ruwan ya sa shi fari. Alhaji fara da asid: rabin lita a bokitin da aka riga aka cika da ruwa, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a juyawa. A bi gefen zurfi da shi famfon da ke juya ruwan na aiki, bayan awa 4 a sake awo, a maimaita har a sauko 7.2 zuwa 7.4. A gama wannan kafin a loda kulorin, domin idan kulorin ya haura 10 ruwan awon pH yana nuna ƙarya. Tazarar 1.5 tsakanin jimilla da mai aiki kuma na nufin kulorin ya ɗaure da gumi da fitsari, shi ne warin nan mai yaji a ido. Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65, giram 700 zai ɗaga lita 45,000 da kusan 10. Bayan magariba ake zubawa, rana tana cinye shi.

Maman Ihsan: Alif fa? Kilo 2 a narkar, a juya bawul ɗin filta zuwa inda aka rubuta Recirculate, wato ruwa ya zaga ba tare da ya bi ta yashi ba, na awa 2, a kashe famfo ya kwana. Da safe dattin ya kwanta a ƙasa kamar dusa, sai a zuƙe a hankali bawul na kan Waste, wato mai fitar da ruwan waje. Kada a bari ya bi ta filta, yana dunƙule yashin.

Kawu Na Bompai: Duk lissafin nan na giram 700 sai in kulorin ɗin na gaske ne. Akwai wani gida da aka kai durom mai kilo 45 daga hannun wani dillali, murfi da hatimi, komai tsaf. Aka zuba kilo ɗaya, awo bai motsa ba. Aka ƙara biyu, ruwa ya ƙara fari, ƙasan bokiti kuma farin laka ya kai yatsa biyu. Mai gida ya sallami yaron da ke kula da wurin, wai yana sayar da magani. Sai daga baya aka gane garin ne: ko an cuɗa shi da farar ƙasa, ko ya shekara a shago mai zafi da laima ƙarfinsa ya tafi. Dillali ya ce an buɗe, ba ya karɓa. Yaro ya rasa aiki, an sake yashin filta, an zubar da ruwa. Allah ya isa kawai. Kafin ku biya ku gwada: giram 1 a durom ɗin ruwa mai lita 200, a motsa, ya kamata awo ya nuna kusan 3. In ya nuna 1, ku bar musu kayansu.

Ɗan Sabon Gari: Kawu ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Arha aka bi.

Kawu Na Bompai: Wace arha? Kuɗin mai kyau aka biya cif. Kuma yanzu durom ya ninka kuɗinsa na bara.

Ɗan Sabon Gari: Bai ninka ba, ɗan abin da ya hau bai kai kwata ba. Inda kake saye ne.

Kawu Na Bompai: To naka ne irin wanda nake magana a kai.

Malamar Kimiyya: An bar babbar magana a tambayar: shekara biyu ana sa ƙwaya. Ƙwayar tana ɗauke da sinadarin da ke kare kulorin daga rana, wanda ake rubuta CYA a takardar awo. Duk 10 na kulorin da ta bayar tana barin kusan 6 na CYA, shi kuma ba ya ƙafewa, taruwa yake. Ana son sa 30 zuwa 50. In ya kai 100, giram 700 ɗin Injiniya ba za su yi komai ba, domin ana buƙatar kulorin ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na CYA kafin ya kashe gansakuka. Alhaji a auna shi tukuna. Sannan don Allah kada a haɗa gari da ƙwaya a bokiti ɗaya ko a kwandon famfo, wuta suke kamawa.

Injiniya Mai Famfo: Hajiya lissafin allo daban, bakin kwami daban. Wurare nawa aka gyara ba a san wani CYA ba?

Malamar Kimiyya: Da sake ruwa aka gyara su, Injiniya, ko an sani ko ba a sani ba.

Sarkin Zolaya: Alhaji ka ce wa baƙin sabon salo ne, wankan madara. Ko ka zuba tarwaɗa, watan gobe mu zo farfesu.

Baban Khalifa: Na samo takardar awo mai CYA, ta wuce 100. Allurar agogon matsin filta kuma tana 22, da can 12 take tsayawa.

Injiniya Mai Famfo: To filta ta toshe, hawan 8 zuwa 10 ma ya isa a wanke. Kashe famfo, juya bawul zuwa Backwash, wato wankin yashi, kunna minti 3 har ɗan gilashin gefe ya washe, kashe, Rinse, wato ɗauraya, daƙiƙa 30, kashe, koma Filter. Wanda ya juya bawul famfo na gudu ya yaga robar ciki. In yashin ya haura shekara 5 a sake shi da na filta, ba yashin rafi ba.

Malamar Kimiyya: A zubar da rabi a cika, CYA ya dawo wajen 50. Daga nan asid, sai gari kilo 1.4 don a kai 20, a goge bango da buroshi, famfo ya yi ta gudu dare da rana. Alamar an gama: awon asuba bai gaza na dare da fiye da 1 ba. Kada yara su shiga sai an ga magudanar ƙasa sarai kuma kulorin ya sauko ƙasa da 5.

Maman Ihsan: Rabin nan lita 22,500 ne fa. In daga burtsatse ne mai tsatsa, kulorin na taɓa shi zai koma kalar shayi. A ɗebo bokiti a gwada da ɗan gari tukuna.

Kawu Na Bompai: In tanka ce kuma a auna. A kwami mai 8 da 4, lita 10,000 santimita 31 take hawa. A sa alama a tayil kafin su fara juyewa, sau da yawa 24 za a gani, direba na rantsuwa ya ciko ta fal.

Ɗan Sabon Gari: Dare da rana da wace wutar? Unguwarmu jiya awa uku aka kawo, ita ma rabin ƙarfi, famfo sai gurnani yake yana zafi.

Sarkin Zolaya: Awa uku? Ku ne 'yan gata. Wa ya san girman sola da za ta ja famfo mai doki ɗaya da rabi?