Gara, sauro da kyankyaso a gidajen bakin Tafkin Kainji: me ke aiki, me ba ya yi

Abu Fadila, New Bussa: Assalamu alaikum jama'a. Damina ta kankama, kuma duk mazaunin yankin nan, daga New Bussa zuwa Malale da Shagunu har Yawuri, ya san abin da ke biye da ita: bango ya jiƙe, shinge ya cika gindin fitila, sauro kuwa tun la'asar. Kowa ya kawo abin da ya sani daga gidansa ko sana'arsa, amma da awo da ƙa'ida, ban da "a fesa magani kawai". A fara da gara, don ita ce mai cin kuɗi.

Kafintan Rufi: Wa alaikumus salam Malam. Gara daga ƙasa take zuwa, kuma laima take bi. Ba ta jure iska da rana, shi ya sa take gina 'yar hanyar laka mai kaurin fensir a jikin bango ta hau har rufi. Wannan hanyar za ka fara nema: bayan wadirob, kusurwar banɗaki, gindin ƙyauren ƙofa, da inda bututun ruwa ya huda bango. Ka karya kamar tsawon yatsa a tsakiya, ka dawo bayan kwana 3. In ka tarar an gyara wurin da ka karya, garar tana nan da rai. In ba a gyara ba, tsohuwar hanya ce. Katako kuma ka ƙwanƙwasa shi da gindin sukuddireba. Wanda aka cinye cikinsa ƙararsa daban take, ko da fentinsa bai yi komai ba.

Abin da ke jawo ta a garuruwan nan guda uku ne kusan kullum: kututturen bishiyar da aka sare aka yi gini a kansa ba a tone saiwar ba, itacen girki da aka jingina da bango, da ruwan indararo mai zuba a gindin ginin. Itace a ɗora shi kan bulo, nesa da bango da taku uku ko huɗu. Indararo a yi masa kwata ta siminti ta kai ruwan waje. Duk katakon da zai tsaya a ƙasa a ɗora shi kan dutse ko kankare, tazarar santimita 15 aƙalla. Wajen zaɓen itace, ƙirya da azarar giginya suna jurewa sosai. Malaina da farin katakon da ake kawowa daga kudu kuwa sai an shafa musu Solignum, maganin kare katako daga gara, hannu biyu kafin a kafa, a cika shi a bakin yanka, don nan ne katako ya fi sha. Masu shafawa bayan an gama rufi sun bar duk mahaɗar katako a buɗe.

Mai Feshi na Yelwa: Ƙari kan maganar oga kafinta. Fesa wa garar da ka gani a bango ɓarnar kuɗi ce, ma'aikata ka kashe, sarauniya tana ƙasa tana ta ƙwai. Gidan da aka riga aka gina, rami ake tonawa siriri a zagaye shi, a manne da harsashin ginin, faɗi da zurfi kamar santimita 15. A dama maganin gara mai fipronil ko imidacloprid daidai da awon da ke jikin kwalbar, a zuba kimanin lita 5 na damammen a kowace mita, ana mayar da ƙasa ana jiƙa ta. Waɗannan biyun gara ba ta jin warinsu, sai ta ratsa ta kwasa ta kai gida. Shi ya sa aikinsu ke ɗaukar makonni, kada mai gida ya ce an cuce shi don ya ga gara washegari.

Kuskuren da aka fi yi: zubawa a ƙasar da ta riga ta sha ruwan sama ta ƙoshi, ko ana dab da yin ruwa. Maganin ba ya shiga, gangarewa yake yi. A nan kuwa gangare tafki yake nufa, kuma fipronil guba ne mai ƙarfi ga kifi. Gidan da ke da rijiya a tsakar gida ko yake dab da bakin ruwa, ni ban ba da shawarar ramin magani ba sam. A tsaya kan gyaran laima da sauya katako. Kuma kada a wanke tankin feshi a bakin ruwa.

Maman Khalifa: Malam mai feshi, to baƙin mai fa? Nan unguwarmu shi kowa ke shafa wa katako.

Mai Feshi na Yelwa: Hajiya, yana ɗan tsare ginshiƙin rumfa ko dangar waje na wani lokaci. A cikin ɗaki kuwa wari ne da datti, ga saurin kama wuta, kuma gara tana bi ta tsagin da man bai shiga ba.

Jami'in Lafiya Mai Ritaya: Ni sauro zan taɓa. Mutane suna ɗora wa tafki laifi duka, alhali mafi yawan sauron da ke cizonka a ɗaki kusa da gida aka haife shi. Daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne a zafin nan. Saboda haka duk ruwan da bai kwana bakwai a wuri ɗaya ba, bai haifar da sauro ba. A ware rana ɗaya a mako, a zubar da ruwan tsohuwar taya, gwangwani, kaskon kaji da faranti na ƙarƙashin tukunyar fure. Randa da duro a wanke cikinsu da soso, don akwai sauron da ke manna ƙwansa a jikin mazubi sama da bakin ruwa, kuma ƙwan yana jure bushewa wata da watanni. Zubar da ruwan kaɗai bai isa ba.

Sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwa mai ɗan tsabta marar zurfi da rana ke duka: ramin da aka ɗebi ƙasar bulo, sawun taya, sawun shanu a bakin tafki in ruwa ya ja baya, da kwalekwalen da aka ajiye ruwan sama ya taru a ciki. Kwalekwalen da ba a aiki da shi a kife shi. Mai yawan kuka a kunne kuwa na ƙazamin ruwa ne, kwata da sokawe. A duba murfin sokawe, tsaga ɗaya ta isa, a kuma ɗaure bakin bututun iskarsa da raga. Akwai wani kuma da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwar kainuwa, wannan kam sai an kwashe ciyawar daga mashigar unguwa.

Gidan sauro: sabo a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki, shi ke rage ƙaiƙayin fuska da ake kuka da shi. A wanke da sabulu mai laushi, ban da bilic, a shanya a inuwa. Yana kai kamar shekara 3 ko wanki 20. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, ɓula kuma a ɗinke ta ranar da aka gan ta. Masu yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kada su bari maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata-wata a damina ya wuce su.

Uwar Gida Borgu: Kyankyaso iri biyu ne a gida, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Babban ja mai tashi daga masai da sokawe yake fitowa. Ƙaramin mai ruwan ƙasa a kicin yake zaune, bayan firji, cikin maƙalar ƙofar kabad da kwalin taliya. Macen ƙaramin tana yawo da jakar ƙwai mai 30 zuwa 40, feshi kuma ba ya ratsa jakar. Shi ya sa za ki fesa yau ki share gawa, bayan wata guda ki ga 'ya'ya sun cika wurin.

Abin da ke aiki shi ne a ba su su ci. Cokali 1 na hodar borik asid (farar hoda mai kashe ƙwari), cokali 2 na fulawa, cokali 1 na sukari, a kwaɓa da 'yar madara a mulmula ƙanana, a sa a murfin kwalba a tura inda hannun yaro da bakin kaza ba sa kaiwa. A laimar damina yana yin fumfuna, don haka a sauya duk mako biyu. Mai hali ya sayi maganin nan mai kama da man goge baki da ke zuwa a sirinji, a ɗiga kamar ƙwayar shinkafa a wurare da yawa, ba tuli guda ba. Sharaɗi biyu: kada a yi feshi kusa da shi, don warin zai kore su daga cin, kuma kada a kwana da kwanuka ba wanki ko ruwa a ƙasan wurin wanke-wanke. In suna da tuwon jiya, ba za su kula naki ba.

Tururuwar sukari kuma ba ta son mai ƙarfi, tana mutuwa kafin ta kai gida. Rabin ƙaramin cokali na borik, ƙananan cokula 9 na sukari, kofi ɗaya na ruwa, a jiƙa auduga a ajiye kan hanyarsu, a bar su su yi ta ɗiba.

Abu Fadila, New Bussa: Na masai fa, Hajiya? Rufe bakin ramin ya wadatar?

Jami'in Lafiya Mai Ritaya: Bari in amsa wannan, Malam. In masai na gargajiya ne marar bututu, a yi masa murfi mai kama baki sosai. In mai bututun iska ne, ba a toshe bakin ramin, don iska ta nan take shiga ta fita ta sama. A tabbata bututun ya zarce rufi da rabin mita, da raga a bakinsa, ɗakin kuma ya kasance da ɗan duhu, sai ƙuda ya bi hasken bututun ya maƙale a raga. Raga ta ƙarfe tana tsatsa da wuri a nan, a duba ta duk damina.

Mai Banda na Malale: Mu namu ciwon kan tsutsa ne da ɗan baƙin ƙwaron da ke mayar da busasshen kifi gari. Ƙuda yana yin ƙwai tun kifi na ɗanye, cikin kai da ciki, don haka a fasa, a wanke, a ɗora wuta da wuri. A jiƙa a ruwan gishiri kamar rabin awa kafin banda, gishiri yana rage ƙwaron sosai. Tarwaɗa mai kauri bayanta yana bushewa cikinta da sauran ruwa. A karya ɗaya a duba kafin a sauke. A damina kifin ajiya yana sake jan laima, sai an riƙa mayar da shi wuta kaɗan duk bayan 'yan kwanaki. Kada a zuba sabo a tsohon kwando ko kwali ba a kakkaɓe an gasa shi a rana ko kan wuta ba, ƙwan yana nan a saƙo. Masu yayyafa Sniper ko fiya-fiya a kan kifi su ji tsoron Allah, mutane ne za su ci. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna barkatai, maganin gona ne.

Mai Feshi na Yelwa: Tunda an zo nan, ƙwayar maganin ƙwarin hatsi da ake sa wa buhu, mai fitar da iskar guba ta fosfin, kada a shigar da ita ɗakin kwana ko ɗakin da ya haɗa bango ko silin da shi. Wasu na sa ta don kuɗin cizo, kuma ta sha kashe iyali guda cikin dare. Kuɗin cizo zafi ke kashe shi, shi da ƙwansa: a kwance gado a kwarara tafasasshen ruwa a duk mahaɗa, zanin gado da labule a jiƙa a ruwan zafi, ɗinkin katifa a bi shi da dutsen guga. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, don haka a maimaita bayan kwana 10, sannan a sake. A janye gado daga bango, a cike tsagar filasta. Shanya katifa a rana a watan Agusta ba ya wadatarwa, suna komawa ɓangaren da ke ƙasa ne kawai.

Maman Khalifa: Ɓera kuma tarko ya fi guba a gidan da ke da yara da kaji, ga shi ba ya mutuwa a silin ya yi wari. A jera tarko a jikin bango, bakinsa na kallon bangon, don gefe suke bi. A sa ƙuliƙuli ko kan kifi a ɗaure da zare, a bar shi ba a ɗana ba kwana 2 ko 3 su saba, sannan a ɗana duka dare ɗaya. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta ramin da fensir zai shiga, a toshe da siminti haɗe da guntun raga, a sa wa ƙasan ƙofa gwangwani. Reshen mangwaro ko darbejiya da ya taɓa kwano a sare shi. Gawar kuma kada a ɗauka da hannu saboda zazzaɓin Lassa: a sa leda a hannu, a zuba ruwan bilic a wurin, a binne da zurfi. Hatsi da garin kwaki su koma duro mai murfi, buhu ba ya tsare komai.