Me za mu kira "lemon law" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Ƙanena da ke zaune a California ya sayi sabuwar a-kori-kura mai shan dizal. Wata biyu da saye ya fara ganin tabon baƙin mai a ƙasa duk safiya, har ya riƙa shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin. Sau huɗu yana kai ta garejin dillali: an canza gaskit, an canza sil, an ɗaure tiyon turbo, yoyo yana nan. Yanzu lauya ya ce masa motar ta shiga "lemon law". Da na zo yi wa Baba bayani sai na ce "dokar lemun tsami". Ya dube ni ya ce, "Lemu kuma? Ba mota ya saya ba?"

Baba ya yi gaskiya. A wurin Amurkawa "lemon" ita ce sabuwar motar da ta fito da lahanin da ya ƙi gyaruwa. A wurinmu kuwa lemun tsami magani ne, da shi ake korar mura.

Ga abin da dokar ta ƙunsa, don masu kawo kalma su san me suke raɗa wa suna. Jihar Connecticut ce ta fara yin irinta a 1982, bayan dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975 kan garanti. A California, idan cikin wata 18 ko mil 18,000 an gwada gyaran lahani ɗaya sau huɗu bai gyaru ba, ko motar ta yi sama da kwana 30 a gareji, ana ɗauka ta cika sharaɗi: kamfani ya canza maka wata ko ya dawo maka da kuɗinka.

Bayan na saka wannan tambayar, na ga amsoshinku, na gode.

Wani ya ce "akwala". A'a, Malam. Akwala ta tsufa ne, ta ci duniya. Wannan ko ledar kujerunta ba a gama cirewa ba. "Jabu" ma bai hau ba, don motar ta asali ce, daga masana'anta ta fito.

"Zaɓen tumun dare" ya ba ni dariya, kuma a hira zan ci gaba da faɗarsa. Matsalarsa ita ce yana ɗora laifin a kan mai saye, kamar shi ne bai buɗe ido ba. Alhali sil ɗin da ke bayan injin, sai an sauke giya ake ganinsa. Wa zai hango shi a wurin ciniki?

Wata Hajiya ce ta kawo wadda ta kwanta mini: "aibi". Ta tuna mini cewa a babin ciniki na fiƙihu, wanda ya sayi kaya ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da zaɓin mayar da shi. Ma'anar ke nan gaba ɗaya, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san ta. Don haka ni na tsaya a kan "mota mai aibi" da "dokar mayar da mota mai aibi". Ta yi tsawo, na sani. A kanun labarai a gajarta: "dokar mota mai aibi".

Wani bakanike ya ƙara abin da ban yi tunaninsa ba. Ya ce a bambanta "naso" da "yoyo", domin dillali yakan rubuta cewa naso ne kawai don kauce wa alhaki, ita kuwa doka tana duba lahanin da ya rage amfani, daraja ko lafiyar tuƙi. Na aika wa ƙanen nawa ya duba me aka rubuta a takardun gyaran nan huɗu.

Masu kawo motoci daga gwanjon Amurka kuma, idan kuka ga "Lemon Law Buyback" a takardar mallaka ta California, mota mai aibi ce da kamfani ya karɓa. Baba dai da na maimaita masa da sabuwar kalmar, cewa ya yi, "To me yake jira? Ya mayar musu da abinsu."