Waɗanda suka zauna a Yukren: me kuka gani na tsohuwar tsamarsu da Rasha?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana yawan cewa rikicin nan a 2014 ya fara, wai kafin nan Rashawa da 'yan Yukren uwa ɗaya uba ɗaya ne. A cikinmu akwai waɗanda suka yi karatu a can. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Tsohon ɗalibin Kiyev: Wa alaikumus salam. Zamanin Tarayyar Sobiyet na yi karatun injiniya a can, a shekarun 1980. Da Rashanci aka koyar da mu, kuma a tsakiyar babban birnin Yukren da wuya ka ji mai ilimi yana yin Yukreniyanci a fili. Abokin ɗakina ɗan wani ƙauye ne, idan mahaifiyarsa ta kawo masa ziyara sai su rage murya. Na tambaye shi dalili, ya ce a birni duk mai yin harshen ana masa kallon baƙauye, idan kuma ya nace sai a fara zarginsa da kishin ƙabila, wannan kuwa yana iya raba mutum da karatunsa. Shi ya fara gaya mini cewa abin ya girmi kwaminisanci: a 1863 ministan cikin gida na daular Rasha, Valuyev, ya hana buga littattafan makaranta da na addini da harshen, a 1876 kuma Sarki Alekzanda na biyu ya ƙara tsananta hanin, har wasan kwaikwayo da shigo da littattafai daga waje. A idon fadar sarakunan, 'yan Yukren wani reshe ne kawai na Rashawa.

Likita daga Kharkiv: Baba, ko a zamaninmu Rashanci ake yi a titunan Kharkiv, amma hakan bai sa mutanen suna ɗaukar kansu Rashawa ba. Matar da na yi haya a gidanta ba ta yarda a zubar da ko ɓawon burodi. Duk Asabar ta huɗu a watan Nuwamba takan kunna kyandir a taga saboda yunwar 1932 zuwa 1933, wadda suke kira Holodomor. Ta ce kakarta ce kaɗai ta rayu a gidansu. Gwamnatin Stalin ta kwashe hatsi har da iri, ta hana manoma fita daga ƙauyuka neman abinci, miliyoyi suka mutu, sannan aka shafe shekaru da yawa ba a yarda a ambaci maganar ba. Akwai kuma wani gida a birnin da ake kira Slovo, inda aka tara marubutan Yukren, daga baya aka riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1930. Ina nan aka tumɓuke gunkin Lenin a babban dandali a Satumbar 2014, kuma masu jan igiyar da yawansu Rashanci suke yi.

'Yar Simferofol: Ni a Kirimiya na yi karatu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Tatar, 'yan'uwanmu Musulmi. A masallaci na san su. Daular Rasha ta haɗiye ƙasarsu a 1783, zamanin Sarauniya Katarina, wadda ita ce ta rushe sansanin mayaƙan Yukren da ake kira Kosak a Zaporizhiya a 1775. A watan Mayun 1944 aka loda Tatar kaf a taragun jirgin ƙasa zuwa Uzbekistan da wasu wurare. Wata tsohuwa da muke shan ruwa a gidanta da azumi ta ce da suka dawo a ƙarshen shekarun 1980 sun tarar da baƙi a gidan mahaifinta. Da sojojin Rasha marasa tambari suka bayyana a Kirimiya a 2014, Tatar ne suka fi kowa firgita. A 2016 hukumomin Rasha suka haramta majalisarsu.

Ɗan Sumy: Yaya, ban musa ko ɗaya ba, amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Da Rasha ta kawo farmaki, mun kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a Sumy har aka buɗe hanya a watan Maris na 2022, kuma abokaina da suka bi ta kan iyaka tun farko an tura su baya saboda launin fata. Wanda aka zalunta ma yana iya zalunci.

Tsohon ɗalibin Kiyev: Gaskiya ne ɗana, mu ma mun sha wariya, daga ɓangarorin biyu kuwa. Sai dai tambayar da aka yi ta asalin rigimar ce. A ƙuri'ar 1 ga Disamba 1991 fiye da kashi 90 cikin ɗari suka zaɓi 'yanci, har a Kirimiya masu goyon baya sun ɗara rabi. Amma a Yulin 2021 Putin ya fitar da doguwar maƙala yana cewa Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce, maganar fadar sarakuna sak.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ko akwai wanda ya zauna a Lviv ko Ternopil? An ce yammacin ƙasar ƙarƙashin Ostiriya da Foland ya daɗe, ina son jin yadda abin yake a can.